SHARHI: Bindigar da ke tashi ba a taɓa kunama ba: wa ke da alhakin gyara?

A watan Maris na 2024 aka rufe masana'antar Remington da ke Ilion a jihar New York ta Amurka, bayan kusan shekara ɗari biyu ana ƙera bindigogi a garin. Jaridu sun fi mai da hankali kan ma'aikatan da suka rasa abin yi. Sai dai rufewar ta bar wata tambaya da ta fi wannan daɗewa: miliyoyin bindigogin farauta da aka daɗe ana zargin suna iya tashi da kansu, wa zai gyara su?

Bindigar da ake magana a kanta ita ce Model 700, wadda ta shigo kasuwa a 1962, kuma ta zama abin alfaharin mafarautan barewa da sauran manyan namun daji. Tana cikin bindigogi masu sakata, wato waɗanda ake jan wani ƙarfe baya a fitar da kwanson harsashi, a tura shi gaba a ɗora sabo. A gefenta akwai makullin kariya, wanda aikinsa shi ne hana ta tashi har sai mai ita ya shirya harbi.

Tushen rigimar yana cikin kunamar da injiniyan kamfanin, Mike Walker, ya ƙirƙira a shekarun 1940. A cikinta akwai wani ɗan ƙarfe da ba a manne shi da kunamar ba, sifirin ne kawai ke riƙe da shi a mazauninsa. Masu ƙara sun ce idan datti ko busasshen mai ko tsatsa ya shiga tsakani, ƙarfen kan goce, sai ya zama makullin kaɗai ke tare da allurar da ke bugun harsashi. Da zarar an buɗe makullin, bindiga ta tashi. Takardun cikin gida da suka fito a shari'u sun nuna cewa tun 1948 Walker da kansa ya ba da shawarar a ƙara abin da zai danne kunamar. An ƙiyasta kuɗin gyaran a kan santi biyar da rabi a kowace bindiga, amma ba a yi ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, a bindigogin da aka ƙera kafin 1982, ba a iya jan sakata a cire harsashi sai an fara buɗe makullin. Ke nan mai neman ya kwance haɗari sai ya bi ta kan haɗarin. Haka ta faru a jihar Montana a watan Oktoban 2000, lokacin da wata uwa ta buɗe makullin don ta sauke harsashi bayan farauta. Bindigar ta tashi, harsashin ya ratsa tirelar dawakai ya kashe ɗanta mai shekara tara. Ta ce yatsarta ba ta kan kunama. A 2002 kamfanin ya buɗe shirin cire wannan tarnaƙi daga tsofaffin bindigogi a kan dala 20, kuma mai bindiga ne zai biya.

Remington bai taɓa amincewa da cewa ƙirar na da aibi ba. Matsayinsa shi ne, haɗurran sun samo asali daga sakaci, rashin tsaftace bindiga, ko kuma taɓa kunama da masu ita ke yi don ta yi laushi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan: wanda ya saki sukurorin kunama ba da sani ba yana iya mai da lafiyayyar bindiga tarko. Amma hujjar ta jefa mafarauci a tsaka mai wuya. Idan ya bar ta yadda ta fito, yana zaune da fargaba. Idan ya kai ta wurin maƙeri aka sauya kunama, ko aka sa mata makulli mai matakai uku irin na Winchester Model 70, wanda ke ba da damar cire harsashi alhali allura na kulle, to duk abin da ya biyo baya za a ce shi ya jawo.

Ko sabuwar kunamar da ta maye gurbin ta Walker, mai suna X-Mark Pro, ba ta tsira ba. A 2014 kamfanin ya nemi a maido da waɗanda aka ƙera tsakanin Mayun 2006 da Afrilun 2014, saboda gam da ya yi yawa wajen haɗa su zai iya sa su tashi.

A wannan shekarar ce kuma aka cimma sulhu a ƙarar haɗin gwiwa da ta shafi bindigogi kusan miliyan bakwai da rabi, inda kamfanin ya yarda ya sauya kunama kyauta ga mafi yawansu ba tare da karɓar laifi ba. Lokacin da alƙali Ortrie Smith ya amince da sulhun a 2017, kimanin mutum 22,000 ne kacal suka nemi gyara, ƙasa da ɗaya cikin ɗari uku. Lauyoyin masu ƙara sun tashi da dala miliyan 12.5. Daga nan kamfanin ya durƙushe sau biyu, a 2018 da 2020, aka yi gwanjon kadarorinsa kashi-kashi.

Me ya sa hukuma ba ta tilasta janye bindigogin ba? Amsar tana cikin doka. Hukumar kula da ingancin kayan masarufi da Amurka ta kafa a 1972 tana iya sa a janye keken yara ko tukunyar lantarki daga kasuwa, amma a 1976 majalisar dokoki ta fito fili ta hana ta taɓa bindiga da harsashi. Saura kotu, ita kuwa ba ta shiga magana sai jini ya zuba.

Bindigar farauta takan fi mai ita tsawon rai: uba ya bar wa ɗa, ɗa ya sayar wa baƙo, babu takardar gargaɗi da ke bin ta. A kowace kakar farauta, wani zai sa babban yatsansa a kan makullin da bai san tarihinsa ba, da yaƙinin cewa yana yin abin da ya fi aminci.