Littafin awoyin direba: wa zai sa hannu a ƙasa?

Duk lokacin da tirela ta kife a hanyar Funtua zuwa Zariya ko ta Gusau, magana ɗaya ake yi: direba ya yi gyangyaɗi. Sai a biyo da maganin da aka saba, wai a tara direbobi a yi musu bita, a koya musu rubuta lokacin tashi da lokacin hutu a littafi. Ban ƙi bita ba. Amma mu ma'aikatan gwamnati mun san yadda take ƙarewa: a sha shayi, a raba satifiket, a ɗau hoto, kowa ya kama gabansa.

Jama'a, wa ke yanke wa direba awoyinsa? Shi ne? A lokacin kaka a loda masa masara a Dandume ko Bakori, a ce Legas za shi, tafiyar da ta haura kilomita 800. Mai kaya na bugo waya don kada farashi ya faɗi kafin ya isa. Mai mota na lissafin sahu nawa za a yi a wata. Shi kuma abin da zai samu ya dogara ne da yawan sahun. In shanu ya ɗauko ma babu zancen tsayawa, domin idan sa ɗaya ya faɗi a mota, a wuyansa za a rataya. Mutumin nan ne za ka miƙa wa biro ka ce ya rubuta gaskiya? Wallahi zai rubuta maka ya yi barcin awa takwas, alhali ƙwaya da shayi ne suka riƙe masa ido.

Kuma a ina zai kwanta? Wanda ya san Sheme da Yankara ba zai ce wa direba ya faka a gefen daji don agogo ya cika ba.

Masu kawo mana misalin Turai su kawo shi cikakke. Can direba ba ya wuce awa 9 yana tuƙi a rana sai da ɗan sassauci, kuma bayan awa huɗu da rabi dole ya huta minti 45. Amma na'ura ce a jikin motar take rubutawa, kuma idan aka karya doka kamfanin ma yana amsa laifi. Dokarsu har ta hana a biya direba gwargwadon nisan tafiya idan hakan zai sa shi ganganci. Amurka ma tun Disamban 2017 ta tilasta na'ura, don an gane takarda tana karɓar duk abin da aka rubuta mata.

Mu nan, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tun 2007 take da tsarin sa ido a kan kamfanonin sufuri, amma masu mota biyar zuwa sama ya shafa. Alhajin da ke da tirela biyu fa? An kuma tilasta na'urar taƙaita gudu a 2017. Ku tsaya bakin titi ku duba da idonku ko an daina gudun.

Abin da nake tsoro shi ne littafin ya zama sabon dalilin "kawo na goro" a shingen hanya. Direba ya biya, ya wuce da barcinsa a ido.

Tunda an buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtua a 2024, manyan motoci ƙaruwa za su yi. To a fara da mai mota: shi ma ya sa hannu a littafin, idan aka kama ƙarya tarar ta hau kansa. Doguwar tafiya a sa direba biyu na gaske, ba yaron mota mai koyo ba. Gwamnatin Katsina ta gina wurin kwanan tireloli mai katanga da tsaro a Funtua. NARTO da ƙungiyar direbobi su zauna su yanka albashin wata. In an yi waɗannan, a kira bitar, ni ma zan zo in taya raba biro.