Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi Kan Yara Masu Baiwa

Ranka ya daɗe,

Makarantar yara masu baiwa da ke Suleja abin a yaba ce, kuma jarrabawar da NECO ke shiryawa ita ce ƙofar shigarta. Damuwata ita ce wanda ke isa bakin ƙofar. Yarinyar ƙauye da ke lissafin cinikin ƙosan uwarta da ka, ta ba da canji tun kafin mai saye ya gama lalube aljihu, wa zai gaya wa mahaifinta an fara sayar da fom?

Wannan matsalar ba a nan kaɗai take ba. A 1921 wani mai bincike, Lewis Terman, ya fara bibiyar haziƙan yara kimanin 1,500 a Kalifoniya, yawancinsu malamansu ne suka fara nuna su, kuma akasari 'ya'yan masu hali ne. A gundumar Broward ta jihar Fulorida kuwa, da aka koma gwada kowane ɗan aji biyu daga 2005, sai adadin 'ya'yan talakawa da aka gano suna da baiwa ya ƙaru sosai. Da ma suna nan, ba a dai duba ba ne.

Ina roƙonka, a gwada kowane ɗan firamare kyauta a makarantarsu, da gwajin da bai dogara kan Turanci kaɗai ba. A kuma leƙa tsangayu.

Naka,
Wani malamin firamare