Ka Sayi Doki, Kada Ka Yi Rowar Linzami



Yau zan taɓo wani abu da kusan kowane falo yake da shi, amma ba mai waiwayarsa sai ranar da ya fara ƙauri: ekstenshin ɗin da muke jona kayan sauti a jikinsa. Mutum zai yi watanni yana tarin kuɗin amfilifaya da sifikoki, ya zagaye kasuwa yana gwada wannan yana ajiye wancan, sai a hanyar komawa gida ya tsayar da mai talla ya sayi ekstenshin mafi araha. Ra'ayina shi ne, ekstenshin ba ya ƙara wa sauti daɗi, aikinsa tsare kayanka da gidanka, kuma da wannan ma'aunin ya kamata a zaɓe shi.

Ni ma na taɓa yin wannan gangancin. Wata rana da daddare ina sauraren karatun littafi a sifika, ƙanwata ta jona dutsen guga a ramin da ya rage. Ba a daɗe ba muka ji ƙauri, muna dubawa robar ta fara narkewa dab da labule. Washegari mai gyara ya yanke wayar ya nuna min cikinta: 'yan silalla sirara kamar gashi, wayar ƙasa kuwa babu ita sam, duk da filogin yana da ƙafa uku. Allah ne Ya kiyaye. Tun ranar na yarda cewa araha ba ta ado.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, filoginmu mai ƙafa uku irin na Ingila kuma fiyus ɗinsa mafi girma amfiya 13 ne. Idan ka ninka su, abin da ekstenshin na ƙwarai zai iya ɗauka bai wuce wat 3,000 ba, duka ramukan a haɗe. Kayan sauti na falo ba su cika wuce 'yan ɗaruruwan wat ba, don haka ba su ne masu nauyin ba. Dutsen guga ɗaya kan ja wat 1,000 ko fiye, butar lantarki ta kan kai 2,000. Siririyar waya ba ta jure wannan, zafi take ɗauka. Saboda haka ekstenshin ɗin kayan sauti nasu ne su kaɗai. Guga, hita da firji kowa ya nemi soket ɗinsa a bango.

Idan za ka saya, ɗaga shi ka ji nauyi, ka duba kaurin wayar, domin mai ɗaukar amfiya 13 ba ta kasa milimita sikwaya 1.25 na jan ƙarfe. Ka tabbatar filogin yana da fiyus. Ka soka filogi a kowane rami: idan yana rawa, ajiye shi, domin sakwan-sakwan ɗin nan ne ke haifar da tartsatsi da ƙaraf-ƙaraf a sifika. Ka sa mai gyara ya gwada maka da mita ko ƙafa ta uku tana haɗe da ƙasa, don ita ce ke kwashe wutar da ta ɓalle kafin ta ja wanda ya taɓa jikin na'ura. Sannan mu daina tura murfin biro a ramin sama don cusa filogi mai ƙafa biyu. Adafta ta kirki ba ta kai kuɗin asibiti ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren. A Turai da Amurka ana tallar wasu ekstenshin masu tsadar gaske, wai suna sa kiɗa ya ƙara armashi. Ban gamsu ba. Wutar nan ta yi tafiya mai nisa daga taransifoma ta bi wayoyin unguwa, kuma da ta shiga amfilifaya sai ya sauya ta ya tace ta kafin ya yi aiki da ita. Mita biyun ƙarshe ba za su zuba wa waƙa zuma ba. Na yarda cewa mai matatar wuta a ciki yana iya rage hayaniyar da cajar waya mara kyau ko tashin firji ke jawowa. Amma kafin ka kashe kuɗi, raba su da kayan sautin ka ji. Haka gunjin nan mai "huuu" da ke damun masu naɗar murya: sau da yawa yana zuwa ne idan an jona kwamfuta a wani soket, amfilifaya a wani. Haɗa su a ekstenshin ɗaya mai wayar ƙasa, yakan ragu ko ya ɓace.

Sai a kula da bambanci. Ekstenshin mai kariya daga bugun wuta yana tare tsallen da wuta ke yi na ɗan lokaci, kuma abin da ke yin aikin a cikinsa yana gajiya, har ya mutu alhali ramukan na ci gaba da kawo wuta. Ba ya gyara wuta mai rauni, wannan aikin sitabilaiza ne. Tsawar da ta faɗo kusa kuwa ta fi ƙarfin dukkansu. Idan hadari ya haɗo da damina, zare filogi daga bango shi ne magani.

Sauran duk ɗabi'a ce. Da an ɗauke wuta, kashe makunnin. Idan an dawo da ita ko an tayar da janareta, jira ta daidaita. Amfilifaya shi ake kunnawa a ƙarshe, shi ake fara kashewa, don kada sifika ta sha bugu. Kada a jona ekstenshin a kan ekstenshin, kada a bar doguwar waya a nannaɗe tana aiki, kada a tura shi ƙarƙashin kafet inda ba mai ganin ya yi zafi.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma rigakafi ya fi magani. Kafin ku kwanta yau, ku leƙa bayan talabijin ku taɓa naku. Idan da ɗumi, ko ramin ya yi baƙi, kwanansa ya ƙare. Allah Ya tsare mu daga gobara, amin.