Sai Mun Yi Kuka Ake Ba Mu Lambar Yabo?

Sau biyu hoton da aka ɗauka a ƙasar Nijar ya zama gwarzon hoton shekara a gasar World Press Photo, wadda ake shiryawa a birnin Amsterdam tun 1955, kuma masu hoton jarida ke ɗaukarta a matsayin babbar gasa ta duniya. Na farko Ovie Carter ne na jaridar Chicago Tribune ya ɗauke shi a Kao a 1974, lokacin babban fari: uwa tana rarrashin ɗanta da yunwa ta galabaitar. Na biyu kuwa Finbarr O'Reilly ne na kamfanin Reuters ya ɗauka a Tawa cikin watan Agustan 2005, a wata cibiyar ciyar da yara: 'yan yatsun jariri da suka rame sun dafe leɓen mahaifiyarsa. Shekara 31 tsakanin hotunan biyu, amma labarin ɗaya ne, uwa da ɗa da yunwa.

Ra'ayina shi ne alƙalan irin waɗannan gasa sukan haɗa abu biyu da ya kamata a raba su, wato zafin abin da ya faru da kuma gwanintar wanda ya riƙe kyamara. Sai hoto ya ci maki saboda wahalar mutumin da ke cikinsa, alhali shi mutumin ko sisi bai samu ba, wani lokaci ma bai san fuskarsa ta zaga duniya ba.

Dalilin hakan a bayyane yake. Dubun dubatar hotuna ake turo wa babbar gasa a kowace shekara, kuma a zagayen farko hoto ba ya daɗewa a gaban alƙali. A cikin wannan gaggawa, abin da ya girgiza zuciya shi ke tsayar da ido. Hoton manomi yana duban gonar gerorsa yana buƙatar mai kallo ya natsu, ya kuma san darajar damina mai albarka. Hoton yaro mai ƙasusuwa a waje kuwa kowa na fahimtarsa nan take. Sannan alƙali ɗan Adam ne, yana jin nauyin ya ture hoton bala'i gefe, kada a ce ba shi da tausayi.

Mutanen Kurfai sun daɗe da sanin wannan al'amari, ko da yake ta hanyar fim ya zo musu. A wajajen 1925 ne harkar bori da ake kira Hauka ta ɓullo a ƙasar Filinge, inda masu hawan iskokin suke kwaikwayon sojoji da jami'an Faransa 'yan mulkin mallaka. Hukuma ta kama su ta azabtar da su, daga baya harkar ta bi 'yan cirani har ƙasar da ake kira Gana a yau. A can ne, a gefen birnin Akara, Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa mai suna Les Maîtres fous a 1954. Abin da ya fi tsaya wa masu kallo a rai shi ne bakuna masu kumfa da idanu a juye da yanka kare. Da aka fara nuna shi a Paris, 'yan Afirka da ke zauren sun fusata, malaminsa Marcel Griaule ma ya nemi a lalata shi, Turawan Ingila kuma suka hana nuna shi a ƙasar da aka ɗauke shi. Duk da haka a 1957 fim ɗin ya samu lambar yabo a Venice. Masana har yau suna jayayya a kan ma'anarsa, amma mai kallo na gama-gari kumfar bakin ya riƙe, tarihin zaluncin da ya haifi abin kuwa ya wuce shi.

Mai karatu zai iya cewa, to a ɓoye wahala ke nan? Ko kusa. Gani ya kori ji. A 2005, bayan fari da farin ɗango sun cinye amfanin gonar 2004, Shugaba Tandja Mamadou ya fito ya musanta cewa ana yunwa a ƙasar, kuma hotunan da suka fita waje suna cikin abin da ya zaburar da masu kai agaji. Hoton baƙin ciki shaida ne, kuma ranar da aka hana ɗaukarsa azzalumai ne za su fi kowa murna. Matsalar tana wajen mayar da shaida abin gasa. Hoton Kevin Carter na yaro da ungulu a Sudan ya samu kyautar Pulitzer a 1994, kuma tambayar da mutane suka yi ta yi ita ce, me ya samu yaron? Babu alƙalin gasar da aikinsa ya ƙunshi amsa wannan tambaya.

Illar da ta fi damuna ita ce darasin da matasanmu ke ɗauka. Saurayi mai waya ko kyamara a Filinge, idan ya duba hotunan da suka ci gasa, zai gane cewa hanyar suna ta bi ta sansanin 'yan gudun hijirar Mali da aka buɗe a Abala a 2012, ko ta garuruwan Tilaberi da 'yan bindiga suka tarwatsa. Ba zai ga dalilin ɓata lokacinsa a kasuwar Lahadi ta Filinge ba, inda Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Buzu suke ciniki a kara guda. Ba zai je Tukunus ya ɗauki shanun azawak ba, ko masu lambu a kwarin Dallol Bosso. Idan kiɗa ya koma na makoki kaɗai, rawar ma haka za ta koma.

Akwai wata hanya, kuma 'yan Afirka ne suka share ta. Malick Sidibe na Mali ya yi suna ne da hotunan samari da 'yan mata suna rawa a Bamako, har aka ba shi babbar lambar girmamawa a Venice a 2007. Philippe Koudjina ya yi irin wannan aiki a Yamai bayan samun 'yancin kai. Ita ma World Press Photo tun 2022 ta raba gasarta yanki-yanki, Afirka tana da nata alƙalan. Mataki ne mai kyau, amma bai isa ba.

Duk wanda zai shirya gasar hoto, a Yamai ne ko Maraɗi ko Kano, ya gindaya wa alƙalansa sharuɗɗa uku. Su tambayi kansu me mai hoton ya ƙara a kan bala'in, na haske da tsari da fahimta. Su nemi tabbacin cewa wanda aka ɗauka ya yarda, domin a wurinmu nuna tsiraicin talaucin mutum ba ƙaramin abin kunya ba ne. Sannan a sa ɗan yankin da aka ɗauki hoton cikin masu yanke hukunci, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwar da ke cikin hoto tana da dangi da maƙwabta da mutuncin da za ta ci gaba da rayuwa da shi bayan an raba kyauta an watse. Ita ya kamata alƙali ya fara tunawa kafin ya ba da maki.