KUƊIN JINI DABAN, KUƊIN GUMI DABAN

'Yan ƙungiya, mazauna unguwar Bolewa da sauran unguwannin Potiskum, a wannan fitowa muna so mu tayar da wata magana wadda ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wato maganar 'yan mazan jiya da suka sami naƙasa a bakin daga, suka dawo suka kama aikin gwamnati na farar hula, sannan ranar sallama aka ce musu ba su da komai domin wai sun riga sun ci nasu a soja.

Abin da ya tunzura mu shi ne abin da ya sami wani yayanmu a wannan ƙungiya. Wannan bawan Allah yana cikin sojojin Nijeriya da suka yi aiki a rundunar ECOMOG, wadda ta shiga Laberiya a 1990, kuma a can ya baro ƙafarsa ta hagu yana saurayi. Likitocin soja suka zauna a kansa, aka sallame shi da ɗan fansho na naƙasa. Bai ɗauki ƙoƙon bara ba. Ya zo Potiskum wurin 'yan'uwansa da ke harka a kasuwar shanu, ya yi aure, ya sami aikin gadi a wani ofishin gwamnati, ya shekara sama da ashirin yana kwana a bakin ƙofa, da sanyi da damina. Da ƙarfi ya ƙare, likita ya ce ya huta, sai muka raka shi ya bi haƙƙinsa. Akawun da muka tarar ya buɗe fayil, ya rufe, ya ce, "Baba, ai kai kwantiragi kake, kuma kana karɓar na soja. So kake ka ci biyu?" Da muka matsa, sai ya ƙara da cewa, "Ina ma takardarka ta ɗan asalin ƙaramar hukuma?"

To jama'a, mu tsaya mu auna wannan kalma ta "cin biyu". Abin da Hukumar Fansho ta Sojoji da ke Abuja take biyan mutum irin wannan, diyya ce ta gaɓar da ya rasa da kuma aikin da ya yi da bindiga. Abin da yake nema a ofishin farar hula kuwa, ladan shekarun da ya yi ne yana gadi. Aiki biyu ne, a lokaci biyu, a ƙarƙashin shugabanni biyu. In mutum ya yi maka noma da damina, ya dawo ya yi maka gini da rani, ashe in ka biya shi kuɗin noma ka gama da shi ke nan? Ko a kasuwar shanu, wanda ya koro garke daga daji kuma ya yi lodi a mota, kuɗi biyu yake karɓa, ba a taɓa kiransa ɓarawo ba.

Mu dai ba lauyoyi ba ne. Da yawanmu da girmanmu muka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, amma abin da muka koya ya ishe mu mu karanta tsarin mulkin 1999. Sashe na 173 ya yi magana a kan ma'aikatan tarayya, sashe na 210 kuma a kan na jihohi, kuma duka biyun abu ɗaya suka faɗa: ba a riƙe wa ma'aikaci fanshonsa ko kuɗin sallamarsa, ba a kuma canza su ta yadda zai cutu, sai da izinin wata doka. Sun ƙara da cewa a riƙa sake duba fansho duk shekara 5, ko duk lokacin da aka sake duba albashi. Saboda haka duk jami'in da ya ce wa tsohon soja ba shi da haƙƙi, nauyin kawo dokar yana wuyansa. Ya faɗi sunanta, ya faɗi sashenta, ya rubuta a takarda ya sa hannu. Maganar fatar baki ta bayan tebur ba doka ba ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne maganar kwantiragi. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun ba da damar a ɗauki ɗan fansho aiki a kan kwantiragi, kuma mai kwantiragi ba ya shiga layin fansho irin na ma'aikacin dindindin. A fahimtarmu wannan ƙa'ida ta dace da babban ma'aikacin da ya gama shekarunsa 35 ya yi ritaya, aka sake kiransa ya taimaka na shekara biyu ko uku. Amma a ɗauke ta a ɗora wa yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda harsashi ne ya yi masa ritaya, a bar shi a kwantiragi har furfura ta cika masa kai, wannan zalunci ne ko da an yi shi da tambarin ofis. Ga baƙo kuma abin ya zama goma ta haɗu da goma, domin kowa ya san yadda a jihohi da dama ake ajiye wanda ba ɗan asalin jiha ba a kan kwantiragi, ko da a garin aka yanke masa cibiya. Alhali sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin iyayensa. Ranar da aka tura yayanmu Laberiya, tutar Nijeriya ce a kafaɗarsa, ba ta wata ƙaramar hukuma ba.

Dokokin da suka biyo baya ma sun raba hanyoyin biyu. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin fansho na karo-karo. A 2011 aka cire sojoji daga cikinsa, dokar 2014 ta tabbatar da haka, kuma ta ce ma'aikacin farar hula da ke cikin tsarin a cire kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aikin ya zuba kashi 10, a tara a asusu mai sunansa. Dokar ta kuma yarda wanda likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba ya taɓa asusunsa ko bai kai shekara 50 ba. To kuɗin da aka yanka daga albashin mutum wata-wata, ta yaya zai zama cin biyu in ya zo karɓa? Haka nan dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ware sojoji masu kaki, amma ta haɗa da ma'aikatan farar hula, wato wanda ya ji rauni a wurin gadi yana da haƙƙin da bai shafi raunin bakin daga ba. Sannan a Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta nemi ma'aikatun gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ina amfanin a buɗe wa mutum ƙofar shiga, a toshe masa ta fita da mutunci?

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce baitulmali ba kuɗi, ga matasa ba aiki, ga 'yan fansho na bogi. Mun yarda a yi tantancewa, mu ma ba ma son ɓarayi. Mun kuma yarda ba a ƙidaya shekara ɗaya sau biyu. Wanda ya haɗe shekarunsa na soja da na farar hula aka yi masa lissafi guda, ya sami nasa. Amma wanda ba a haɗe masa ba, kowane aiki da lissafinsa. Rashin kuɗin nan kuma ba mu taɓa jin ya hana tsofaffin gwamnoni a jihohi da dama karɓar fansho ba, har wasunsu suna zaune a majalisar dattawa suna ɗaukar wani albashin. Sai a kan mai ƙafa ɗaya ne ake tuna tsimi? Ko Amurka, wadda ta fi shekara 100 tana zabtare fanshon soja in yana karɓar diyyar naƙasa, daga 2004 ta fara barin wanda ya yi shekara 20 a soja kuma naƙasarsa ta kai kashi 50 cikin 100 ya haɗa biyun.

Wannan magana ba faɗa ba ce da masu masaukinmu. Bolewa da Ngizim da Kare-kare sun riƙe mu da amana tun kafin a ƙirƙiro jihar Yobe a 1991, mun yi auratayya, mun binne juna. Su ma suna da 'ya'yan da suka dawo daga dajin Sambisa da sanda a hannu, kuma ƙa'idar kwantiragin nan tana jiransu kamar yadda ta jira namu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka muna kira ga duk ɗan ƙungiyar da abin ya shafa da ya nemo littafinsa na sallama daga soja, da takardar likitoci, da takardar ɗaukar aiki, da takardun albashi, ya kawo wa sakatare a yi kwafi. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. In an hana ka, ka nemi a rubuta maka dalili. Da waɗannan takardu za mu tuntuɓi ƙungiyar 'yan mazan jiya, mu kai kuka ga Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a a Damaturu, in ta kama mu dangana da kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda tsarin mulki ya ba ta ikon sauraron shari'ar fansho.

Ga hukumomi kuma, kowace shekara ranar 15 ga Janairu kuna ajiye furanni kuna sakin tattabaru domin tunawa da sojojin da suka kwanta dama. Madalla. Amma ga wanda ya dawo da rai nan yana zaune a kan benci a ƙofar ofishinku, da fayil a ƙarƙashin hammata. Ku biya shi tun yana iya ƙirga kuɗin da hannunsa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi, Ya zaunar da Potiskum da Nijeriya lafiya, amin.

Daga Sakataren Ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa.