Baƙo A Ayarin Masu Keke

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, keke ya soma dawo da martabar da ya yi a zamanin Raleigh da Phoenix. To, amma hawan keke daga Yelwa zuwa kasuwar Wunti daban, hawa cikin ayari kuma daban. Mutumin Bauchi da ya shekara ashirin yana tuƙa kekensa shi kaɗai, ran da ya shiga ƙungiyar masu fita tare da sassafe, ɗan koyo ne, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Amfanin tafiya cikin ayari shi ne iska. Na gaba shi ke tsaga ta, na bayansa kuwa sai ya fake da shi, har ƙarfin da yake kashewa ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku idan ana gudu sosai. Don haka ne ake karɓa-karɓa, kowa ya ja gaba na ɗan lokaci sannan ya koma baya ya huta. Sai dai wannan sauƙi ba ya samuwa sai an matsu da juna, wani lokaci tazarar taya da taya ba ta kai taku ɗaya ba. Nan haɗarin yake. Idan baƙo ya danna birki ba zato, na bayansa sun hau shi. Idan kuwa ya bar tayarsa ta gaba ta shiga gefen tayar wanda yake bi, da wancan ya ɗan kauce, shi ne a ƙasa. A hanyar Jos ko ta Gombe, inda manyan motoci ke zirga-zirga, irin wannan faɗuwa ba ta tsayawa ga ƙujewar gwiwa.

Fataken dā sun san wannan tun kafin a ƙera keke. Ayarinsu yana da madugu, yana da jagaba, kuma ba a barin sabon shiga ya zaɓi hanya. Haka ya kamata baƙo ya ɗauki kansa. Ya iso da wuri, ya gaida shugaban tafiya, ya faɗi gaskiyar iyakar ƙarfinsa. Ya duba birki da iskar taya tun a gida, ya riƙo famfo da kayan faci da ruwan sha, ya sa hular kwano. Ya tsaya a bayan ayari, ya lura da yadda ake nuna rami da hannu, da yadda ake ɗaga hannu kafin a tsaya. Abin da na gaba ya nuna masa, wajibi ne ya isar wa na baya, domin wanda ke tsakiya ba ya ganin kwalta.

Kada kuma ya yi wa hanya gaggawa. Bauchi tana wajen mita 600 bisa teku, Jos kuwa ta haura 1,200, watau mai nufar Jos hawa ne a gabansa. Gara sabon shiga ya fara da gajeriyar tafiya, kamar zuwa Gubi da dawowa, kafin rana ta take, musamman a bazara. Sannu ba ta hana zuwa.

Ita ma ƙungiya akwai hakki a wuyanta. Ta sa gogagge guda a ƙarshen ayari, wanda ba zai wuce kowa ba. Kada a bar baƙo shi kaɗai a jeji don kacarsa ta zame, kada kuma a yi wa tsohon kekensa dariya. Wanda aka yasar a fitarsa ta farko ba ya dawowa ta biyu.

A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Nijeriya a tseren keke, da keken da tawagar Jamus ta ara mata ta shiga tseren cikin fili. Idan gwanar ƙasa ta bukaci hannun abokan hawa a can, ina ga baƙo a hanyar Dass? Allah ya kiyaye hanya, amin.