Mai Fito Ba Ya Zaɓen Fasinja: Rikicin Dokar Intanet a Amurka

A ƙarshen watan Yulin 2018 wutar daji ta tashi a yankin Mendocino da ke arewacin jihar Kaliforniya. Kafin a shawo kanta sai da ta lashe eka fiye da 450,000, kuma zuwa lokacin jihar ba ta taɓa ganin gobara mai girmanta ba. Cikin waɗanda suka kai ɗauki har da 'yan kwana-kwanan gundumar Santa Clara, waɗanda suka je da wata mota mai aikin bin diddigin ma'aikata da kayan aiki, tana tura kowa inda ake buƙatarsa. Motar ta dogara ne da layin kamfanin Verizon, a kan tsarin data da aka sayar musu da sunan marar iyaka.

Ana tsakiyar fama da wuta sai intanet ɗin ya koma tafiyar hawainiya, ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin 200 na saurin da ya saba. Da suka tuntuɓi kamfanin, aka ce musu sun haura gigabait 25, in suna son saurinsu ya dawo sai su bar tsarin dala 37.99 su koma na dala 99.99. Dole ma'aikatan suka jingina da wayoyinsu da layukan wasu hukumomi. Daga baya Verizon ya amsa kuskure, ya ce laifin sashen kula da abokan ciniki ne, kuma abin bai shafi dokar intanet ta tarayya da aka soke ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin tsohuwar dokar ba ta hana kamfani rage wa mutum sauri ba idan ya cinye datar da ya saya. Sai dai kusan makonni bakwai kafin tashin wutar, a ranar 11 ga Yuni, hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta riga ta ajiye ikonta na tsawata wa kamfanonin intanet. Shugaban 'yan kwana-kwanan, Anthony Bowden, kotu ya kai bayaninsa na rantsuwa, cikin ƙarar da ake ƙalubalantar soke dokar.

Abin da ake jayayya a kansa ba shi da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogi yana jiran fito. Mai kwalekwale yana da ikon yanka kuɗinsa, amma da zarar an biya, ba ruwansa da ko fasinja biki zai je ko kasuwa, kuma ba zai bar buhun wani a gaɓa don ƙaninsa na sayar da irin hajar a ƙetare ba. Wannan ƙa'ida ta ba-sani-ba-sabo ce masanin shari'a Tim Wu ya raɗa wa suna a wata maƙala ta 2003: kamfanin da ya sayar wa mutum intanet ya kai masa duk abin da ya nema, kada ya toshe wani shafi, kada ya rage wa wani sauri, kada ya karɓi kuɗi don sa wani a gaba. Amurka ta daɗe tana ɗora wa kamfanonin tarho irin wannan nauyi a ƙarƙashin babi na biyu na dokar sadarwa ta 1934. Duk rigimar shekara ashirin ɗin nan a kan tambaya guda take, shin masu sayar da intanet su ma 'yan fito ne a idon waccan doka, ko kuwa masu sayar da bayanai ne da hukuma ba ta da hurumi sosai a kansu.

Masu cewa dokar magani ce ba cuta sai su waiwayi tarihi. A 2005 wani ƙaramin kamfanin tarho a jihar Karolina ta Arewa, Madison River, ya toshe kiran waya ta intanet na Vonage saboda yana janye masa ciniki. Maganar ta ƙare da biyan dala 15,000. A 2007 aka gano Comcast na katse wa masu musayar fayil ta BitTorrent hanya a ɓoye. Kamfanin dillancin labarai na AP ya gwada da kansa, ya yi ƙoƙarin aika kwafin Baibul ta wannan hanya, aka datse shi. A 2012 AT&T ya hana wasu masu iPhone kiran bidiyo na FaceTime a layinsa sai sun sauya zuwa tsarin data da shi ya zaɓa musu. A duk waɗannan misalai, abin da aka taɓa ko dai yana gogayya da hajar mai layin ne, ko yana jawo masa ɗawainiya.

Sau biyu FCC ta yi yunƙurin tsawatarwa, sau biyu kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washinton ta taka mata birki, a 2010 da 2014, bisa hujjar cewa ita da kanta ta cire intanet daga babi na biyu, don haka ba za ta yi masa hukuncin 'yan fito ba. Sai a ranar 26 ga Fabrairun 2015, zamanin Barack Obama, hukumar ƙarƙashin Tom Wheeler ta mayar da intanet cikin wannan babi da ƙuri'a 3 da 2. Kotu ta tabbatar da matakin a 2016.

Dokar ba ta kai shekara uku ba. Donald Trump ya naɗa Ajit Pai, wanda ya taɓa zama lauyan Verizon, shugaban hukumar, kuma a ranar 14 ga Disambar 2017 aka soke ta, nan ma da ƙuri'a 3 da 2, sokewar da ta fara aiki a ranar 11 ga Yunin 2018. Yadda aka saurari ra'ayin jama'a kafin ƙuri'ar abin takaici ne. An aika wa hukumar saƙonni fiye da miliyan 22. Binciken da ofishin babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ya fitar a 2021 ya gano kusan miliyan 18 daga ciki na jabu ne. Fiye da miliyan 8.5 sun fito ne daga wani kamfe da kamfanonin intanet suka zuba wa kuɗi, inda 'yan kwangila suka yi amfani da sunayen mutane ba da saninsu ba, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ɗaya ɓangaren ma bai tsira ba: wani ɗalibi ɗan shekara 19 shi kaɗai ya ƙirƙiro saƙonni miliyan 7.7 na goyon bayan dokar. Amma da Jami'ar Maryland ta tambayi mutane na haƙiƙa bayan ta karanta musu hujjojin ɓangarorin biyu, kashi 83 cikin ɗari suka ce kada a soke, har da kashi 75 na 'yan jam'iyyar Rifablikan ta Pai.

Hujjar Pai ta cancanci a saurare ta. Ya ce intanet ya bunƙasa tun shekarun 1990 ba tare da wannan takunkumi ba, kuma ɗaure shi da dokar da aka rubuta don tarhon 1934 na sa kamfanoni ɗari-ɗari da zuba jari, alhali karkarar Amurka na jiran layi. A ganinsa, ya wadatar kamfani ya bayyana abin da yake yi, in bai yi wa mutum ba ya koma wani. Magoya bayansa kuma na nuna cewa tashin ƙiyamar da aka yi ta hasashe bai zo ba: ba a fara karɓar kuɗi kan kowane shafi ba, saurin intanet ya ci gaba da ƙaruwa, layuka sun ɗauki nauyin zaman gida na korona a 2020. Wannan gaskiya ne, kuma masu fafutukar da suka yi ta shelar mutuwar intanet sun zubar wa kansu da ƙima da wannan zuzutawa.

Sai dai hujjar tana da ramuka. Maganar jari, tun a Disambar 2014 babban jami'in kuɗi na Verizon ya faɗa wa masu hannun jari cewa batun babi na biyu ba ya sauya yadda suke zuba kuɗi. Maganar komawa wani kamfani kuwa, sai inda akwai wanin. Miliyoyin gidaje a Amurka kamfani ɗaya tal ke kai musu intanet mai sauri, kuma wanda kwalekwale ɗaya ne a mashigarsa ba ya ciniki.

Shirun da aka ji bayan 2018 ma yana da dalili. Jihar Washinton ta yi dokarta a farkon shekarar, Kaliforniya ta bi da wadda ta fi tsauri, gwamna Jerry Brown ya sa mata hannu a ƙarshen Satumba. A 2019 kotu ta amince da soke dokar tarayya amma ta ƙi yarda FCC ta hana jihohi yin tasu a dunƙule. Kamfanin da ke son cinikin mutum kusan miliyan 40 na Kaliforniya dole ya shiga taitayinsa. Ga misali a fili: bayan AT&T ya sayi Time Warner a 2018, sai ya daina cire wa masu layinsa data idan suna kallon HBO Max, hajarsa, alhali mai kallon Netflix datarsa na zurarewa. A Maris 2021 ya janye tsarin, kuma da bakinsa ya ce dokar Kaliforniya ce sanadi. Masu bincike a Jami'ar Northeastern kuwa, da manhajarsu ta Wehe, sun nuna manyan kamfanonin wayar salula na Amurka na rage wa bidiyo sauri dare da rana, ba sai layi ya cushe ba. Ɓarnar ba ta zuwa da ganga. Bidiyo ne zai yi ta tsayawa, mai kallo ya ɗora wa shafin laifi ya koma wani, ƙaramin kamfanin da ya kafa shafin ya mutu ba tare da ya san abin da ya kashe shi ba.

Akwai wata magana ta masu adawa da dokar da ke da nauyi: Google da Meta da Apple su ma masu tsaron ƙofa ne, suna zaɓar abin da mutane za su gani, kuma dokar ba ta taɓa su ba. Haka ne, kuma ya kamata a waiwaye su da tasu dokar. Amma mutum na iya barin Facebook yau ya ci gaba da rayuwarsa, ba ya iya barin layin da ke kai shi ko'ina.

Wasu ƙasashe sun yanke shawara sun wuce wurin. Tarayyar Turai ta kafa dokarta a 2015, kuma a 2021 kotunta ta ce tsarin yafe data ga wasu zaɓaɓɓun manhajoji ya saɓa mata. A Fabrairun 2016 hukumar sadarwa ta Indiya ta haramta bambanta farashin data bisa shafin da aka shiga, abin da ya kawo ƙarshen Free Basics, shirin Facebook na shiga wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta, a can. Watanni kaɗan bayan haka aka ƙaddamar da shirin a Najeriya tare da Airtel. Mai karatu a nan ya san ƙananan tsare-tsaren data na WhatsApp da Facebook kaɗai, kuma babu mai zargin wanda kuɗinsa ba su kai ba don ya saye su. Tsadar abin tana kan matashin da ya zauna a Kano ko Zariya ya haɗa manhajarsa ta saye da sayarwa, ya fito kasuwa ya tarar shiga ta abokin gogayyarsa kusan kyauta ce, tasa kuwa sai da cikakkiyar data.

Amurka dai ta ci gaba da kwan-gaba-kwan-baya. A Afrilun 2024 FCC ƙarƙashin Jessica Rosenworcel ta dawo da dokar, da ƙuri'a 3 da 2 kamar kullum. Watanni biyu bayan nan Kotun Ƙoli, a shari'ar Loper Bright, ta rushe ƙa'idar 1984 da ke sa alƙalai bin fassarar hukumomi a inda doka ba ta fito fili ba. A ranar 2 ga Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara da ke Cincinnati ta jingina da wannan hukunci ta ce intanet ba ya cikin babi na biyu, ta soke dokar tun kafin ta fara aiki.

Babban laifin na majalisar dokoki ne. Rabon da ta yi wa dokar sadarwa gagarumin gyara tun 1996, lokacin da yawancin gidajen da ke da intanet ke shiga ta layin tarho. Majalisar dattawa ta kaɗa ƙuri'a 52 da 47 a Mayun 2018 don dawo da ƙa'idar, ta wakilai ba ta ɗauka ba. A 2019 ta wakilai ta zartar da nata ƙuduri, ta dattawa ta jingine shi. An bar makomar hanyar da ɗalibi da ɗan kasuwa da asibiti ke bi a hannun kwamishinoni biyar da ke juyawa duk lokacin da aka sauya mai zama a Fadar White House. Ya dace majalisa ta rubuta haramcin nan uku, toshewa da rage sauri da sayar da fifiko, cikin doka mai zaman kanta, ta kuma faɗi hukumar da za a kai wa kuka. Rosenworcel ma kiran da ta yi ke nan ranar da kotu ta yanke hukunci. A halin da hukuncin ya bar ƙasar, mai sayen intanet a Kaliforniya ko jihar Washinton yana da dokar jiha da zai riƙe, na jihar da ba ta yi doka ba kuwa sai alƙawarin da kamfaninsa ya rubuta da kansa, wanda kuma zai iya sauyawa idan ya ba da sanarwa.